Inuwa Ba Ta Ba da Shaida

*Hoton tsuntsu a sama da rigimar haske a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa*

A kudancin Jihar Katsina, duk wanda aka gani ya ɗaga kyamara sama yana bin tsuntsu da ita, akwai maganar da ke jiransa: mutane na kwana a jeji, shi yana hoton shirwa. Maganar tana da nauyi, domin masu faɗinta a cikin wahalar suke kwana suke tashi. A Ƙanƙara aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a daren 11 ga Disamba, 2020. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin ƙananan hukumomi 13 da aka katse wa layukan waya a Satumbar 2021. Akwai gonakin da suka yi shekaru fartanya ba ta taɓa su ba. Wanda ya binne ɗan'uwa, ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ba za a ga laifinsa ba idan ya kira hoton tsuntsu wasan ƙoshi.

Duk da haka maganar kuskure ce, kuma kuskure mai tsada. Hoton tsuntsu da aka ɗauka daidai, da kwanan wata da sunan wuri, shaida ce a kan halin da ƙasa take ciki, kuma a waɗannan ƙananan hukumomi uku da wuya a samu mai iya ɗaukarta yau in ba ɗan gari ba. Sai dai masu sha'awar ɗaukar hoton su ma suna da nasu laifin. Da yawa daga abin da suke zubawa a Facebook da WhatsApp baƙin ɗigo ne a kan farar sama, ba a iya cewa shirwa ce ko shaho ko leda ce iska ta ɗauka. Idan abin ya dame su, sai su miƙa wa manhaja ta zana masa gashin da kyamara ba ta gani ba. Na farko bai shaidi komai ba, na biyu shaidar zur ne. Abin da zai raba su da duka biyun ɗan ilimi ne guda, wato awon haske, wanda ba ya buƙatar kyamarar miliyoyin naira. Ƙin koyonsa ne ke ba masu ba'a gaskiya.

Ungulu ta tafi ba sallama

Duk wanda ya haura shekara arba'in a ƙasar Hausa ya san zamanin da ungulu take cika mahauta da bayan kasuwa, har ba a ɗaga kai a dube ta. Yau yaro kan gama firamare bai san ta ba sai a karin magana. A tambayi dattawa goma shekarar da ta daina sauka a mahautar garinsu, za a samu amsa goma, domin abin da aka raina ba a lura da ranar tafiyarsa.

Inda aka ƙirga, lissafin mai ban tsoro ne. Binciken da Darcy Ogada da abokan aikinta suka fitar a 2015 ya nuna nau'o'in ungulu takwas na Afirka sun ragu da kimanin kashi 62 cikin ɗari a cikin shekara 30. A wannan shekarar ce ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ungulun gari, wadda aka saba gani a mahauta, a rukunin halittun da ke gab da ƙarewa. A Afirka ta Yamma, guba da cinikin kanta da sassan jikinta a kasuwannin tsibbu suna cikin manyan dalilai. A farkon 2024 wani bincike a mujallar Nature Ecology & Evolution ya duba nau'o'i 42 na tsuntsaye masu farauta da masu cin mushe, ya tarar kusan kashi 90 cikin ɗari nasu sun ragu.

Abin lura shi ne inda waɗannan alƙaluma suka samo tushe. Ɓangaren Afirka ta Yamma ya dogara ne a kan wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, wanda ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar a mota tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga tsuntsayen da ya gani, sannan ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin. Da bai yi ƙirgar farko ba, da ta biyu ba ta da abin gwadawa. Wanda ya gan shi a lokacin, ana shiga babban farin Sahel, yana iya cewa aikin banza yake yi.

Ga mai cewa ina ruwan talaka da ungulu, Indiya ta riga ta ba da amsa. A shekarun 1990 maganin diklofenak da ake yi wa shanu ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na manyan nau'o'in ungulun ƙasar. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, ruwan sha ya gurɓace. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta a 2024 cewa wannan ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Ungulu ma'aikaciyar tsabta ce da ba ta karɓar albashi, kuma yankin da ke da kasuwar shanu irin ta Sheme a Faskari yana da dalilin sanin ko har yanzu tana zuwa aiki. Haka shamuwa, wadda manomi ke karanta isowarta a matsayin bushara da damina, kuma take cinye fara a gona. Haka jan-baki, wanda gungunsa ke iya share gonar gero ko shinkafa cikin 'yan kwanaki. Lissafin tsuntsu lissafin abinci da lafiya ne.

Wa ya rage da zai duba?

Ilimin tsuntsayen Arewa ya daɗe a hannun baƙi. An kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya a 1964, kuma Hilary Fry, ɗaya daga cikin jigoginta, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi bincikensa. Daga baya cibiyar APLORI da ke kusa da Jos ta yaye 'yan ƙasa masana, kuma a ƙarshen 2015 ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, ƙasar da ke da nau'o'i fiye da 900. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance. Ɗan sa-kai zai shafe aƙalla awa biyu a cikin gida ɗaya, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani, ya aika ta manhajar waya. Idan ya ambaci tsuntsun da ba a san shi a yankin ba, masu tantancewa za su nemi hujja, kuma babu hujjar da ta kai hoto.

To, wace tawagar masana ce za ta taso daga Jos ko Kano ta yada zango a 'Yankara ko Daudawa da madubin hangen nesa a wuya? A ƙarshen 2020, daidai lokacin da ake jimamin ɗaliban Ƙanƙara, gwamnatin tarayya ta sanar da sababbin gandun daji na ƙasa guda goma, ciki har da Falgore a Kano, da Baturiya a Jigawa, da dajin Kogo na yankin Faskari. Gandun da mai bincike ba ya iya shiga suna ne a takarda. Idan zaman lafiya ya dawo, kuma da yardar Allah zai dawo, za a so sanin abin da shekarun nan suka yi wa ƙasar: abin da sare itatuwa ya kora, abin da barin gonaki ya dawo da shi, abin da ya ɓace. Amsar tana hannun malamin makaranta a Sabuwa, da ma'aikaciyar asibiti a Ƙanƙara, da malamin gona a Faskari, domin su ne ke ƙarƙashin wannan sama kullum. Rashin tsaron da ake kafa hujja da shi a kan hoton tsuntsu, shi ne ya ɗaga darajar hoton ɗan gari.

Amma daraja tana ga hoton da ake iya karantawa. Ga misali ɗaya. Shirwa iri biyu ce ke ratsa samaniyar Arewa: 'yar gida ta Afirka, wadda babbarta ke da baki ruwan ɗorawa, da baƙuwa da ke zuwa daga Turai da rani, mai baƙin baki. A siffa kusan ɗaya suke, wutsiya mai gibi, fiffike mai lanƙwasa. A hoton da ya fito baƙi ƙirin babu mai iya raba su. Launin baki ne babbar alama, kuma launin baki ba ya fita sai an auna haske daidai.

Kyamara toka take nema

Matsalar tana da asali a ƙirar kyamara. Ma'aunin hasken da ke cikinta bai san tsuntsu ba, bai san sama ba. Abin da ya sani shi ne ya haɗa hasken duk abin da ke gabansa ya mayar da shi tsaka-tsaki, launin toka mai mayar da kimanin kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. A hoton kasuwa ko na taro wannan zato yakan yi daidai, domin akwai fari akwai baƙi, suna cike wa juna. A hoton tsuntsu a sama zaton rushewa yake yi. Tsuntsun ɗan ɗigo ne, saura duk sama ce mai haske. Kyamara sai ta ga haske ya yi yawa, ta rage shi har sama ta koma toka, tsuntsun da dama cikinsa a inuwa yake ya koma gawayi.

Masu hoto suna auna haske da mataki, kowane mataki ninki biyu ne ko rabi. A farar samar hunturu, kyamarar da aka bari a otomatik tana iya ragewa da mataki biyu, ma'ana tsuntsun ya samu rubu'in hasken da yake buƙata. Maganin gaggawa yana jikin kusan kowace kyamara, maɓalli mai alamar ƙari da ragi: a ƙara mataki ɗaya zuwa biyu. Sama za ta yi fari fat, kuma babu laifi, tun da ba ita aka zo ɗauka ba.

Akasin haka ke faruwa da balbela. Da yammacin damina, hadari ya haɗu a gabas ya yi baƙi, rana tana yamma, balbelu suna jere suna komawa makwanci: babu abin da ya fi wannan kyau a samaniyar ƙasar Hausa, kuma babu inda otomatik ya fi ɓarna. Kyamara ta ga duhun hadari, ta buɗe ido, farin balbela ya ƙone. Farin da ya ƙone ba ya dawowa, domin ƙwayoyin da ke karɓar haske a cikin kyamara kamar tulu suke, idan ya cika ya tumbatsa babu mai sanin yawan abin da ya zube. Duhu ana iya ɗaga shi daga baya a kwamfuta, ko da zai zo da ɗan yashi-yashi. A nan ragewa ake yi, mataki ɗaya ko fiye.

Sai gwanin wahala, hankaka, mai farin ƙirji da baƙin kai, da shamuwa mai baƙin baya da farin ciki. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk tsohon mai hoton biki ya san ta: ango baƙi cikin farar shadda da rana tsaka. Idan ya bi fuska, aikin rigar ya wanke. Idan ya bi riga, ango ya ɓace. Gwanaye sun daɗe da gano mafita: a tsare farin kada ya ƙone, sannan a juya mutum yadda haske zai faɗa masa a fuska. Tsuntsu ba ya juyuwa, don haka mai hoto ne zai juya, ya sa rana a bayansa, inuwarsa tana nuna inda tsuntsun yake. Ilimin yana nan a kowane shagon hoto na Funtuwa da Malumfashi, ba a dai ɗaga shi sama ba ne.

Ranar nan ba ta Ingila ba ce

Kuskure na biyu shi ne haddar darasin YouTube ba tare da duba inda malamin yake tsaye ba. Nasihar da aka fi maimaitawa ita ce a ɗauki hoto da sanyin safiya ko dab da faɗuwar rana kawai, a ajiye kyamara da tsakar rana. A Ingila ko Jamus, wajen digiri 50 ko fiye arewa da tsakiyar duniya, rana tana tafiya a karkace, haske mai laushi yana daɗewa. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna tsakanin digiri 11 da 12. Rana a nan kusan a miƙe take hawa, kimanin digiri 15 kowace awa, kafin ƙarfe goma ta yi sama. Sau biyu a shekara, wajen 20 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta, takan tsaya daidai tsakar ka.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Ungulu da shirwa da shamuwa ba da ƙarfin fiffike suke hawa sama ba, zazzafar iskar da ke tasowa daga ƙasa suke hawa, kuma wannan iska ba ta tashi sai hantsi ya dubi ludayi. Tsuntsayen da aka fi buƙatar shaidarsu a lokacin mafi munin haske suke shawagi. Wanda ya bi nasihar Turai ya ajiye kyamara da ƙarfe tara, ya ajiye ta daidai lokacin da aiki ya fara. Dole ɗan Katsina ya koyi ɗaukar hoto a hasken da malaman intanet suka ce a guje masa.

Kuma ƙasar tana da nata taimakon. Bayan girbi, busasshiyar gona da farin yashi suna mayar da haske sama, su haska ƙarƙashin fiffike. Ƙanƙara, garin farar ƙasa, ba ta rasa irin wannan fili ba. Ƙurar hunturu, wadda kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, tana tace rana ta rage kaifin inuwa, ta sa baƙi da fari su kusanci juna, abin da hankaka ke buƙata ke nan. Tsuntsu yana tashi yana sauka ne yana fuskantar iska. Da safiyar hunturu iska daga arewa maso gabas take, rana kuma daga gabas, saboda haka wanda ya ba gabas baya ya samu biyun a lokaci guda: haske a bayansa, tsuntsu mai sauka yana fuskantarsa. Abin kiyayewa shi ne kada a cire gilashin kyamara a fili cikin ƙura.

Lissafin da ba ya wuce awa guda

Ƙari da ragi maganin gaggawa ne. Magani mai ɗorewa ya dogara a kan wata gaskiya mai sauƙi: idan shirwa ta taso daga farar sama ta gifta gaban itacen bedi, hasken da ke jikinta bai canja ba, bayanta ne ya canja. Otomatik bayan yake bi, shi ya sa a hotuna goma na tashi ɗaya ake samun biyar baƙi, uku a ƙone. Wanda ya mayar da kyamara saitin hannu ya auna sau ɗaya, duk goman za su fito iri ɗaya.

Abubuwa uku ake saitawa. Na farko saurin ƙiftawa. Tun 1884 Bajamushe Ottomar Anschütz ya ɗauki hotunan manyan tsuntsaye dangin shamuwa suna tashi, hotunan da suka taimaka wa Otto Lilienthal wajen ƙera fiffiken da ya yi shawagi da shi, kuma sirrinsa bai wuce ƙiftawa mai sauri ba. Ga babban tsuntsu, 1/1600 ko 1/2000 na daƙiƙa ya isa. Ga tsattsewa sai 1/3200 ko fiye. Na biyu faɗin ƙofar gilashi, f/5.6 zuwa f/8. Na uku ISO, wato ƙarfin jin haske, wanda shi ake ɗagawa ko saukewa don cike gibi.

Akwai tsohuwar ƙa'ida da masu fim suka bari: a rana tangaran, abin da rana ke duka ta gaba yana fita daidai a f/16 da ƙiftawa ɗaya bisa lambar ISO. A ISO 400 ke nan 1/400. Idan aka buɗe ƙofa zuwa f/8, haske ya ninka huɗu, ƙiftawa ta koma 1/1600. Wannan shi ne mafari: ISO 400, f/8, 1/1600. Ga balbela a rana, a kai ƙiftawa 1/3200. Ga cikin shirwa da tsakar rana, a ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600. Idan ƙura ta yi kauri, a ƙara mataki. Sannan a gwada a kan wani farin abu da rana ke duka, bango ko riga a igiyar shanya, a duba jadawalin haske a bayan kyamara, a tabbata bai manne da bangon dama ba. Wanda kyamararsa ke ajiye ɗanyen fayil na RAW ya yi amfani da shi: JPEG matakan haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, kuma a cikin wannan rarar ake ceto baƙin fiffike.

Mai cewa ba shi da kuɗin kyamara yana da rabin gaskiya. Waya ba za ta kamo tsattsewa a ƙololuwa ba. Amma shamuwa a kan itacen tsakar gari take sheƙa, shirwa a kan mahauta take shawagi, balbela a gindin sa take. Wayoyi da yawa suna da saitin gwanaye mai ba da damar zaɓar ƙiftawa da ISO, kuma kusan kowace tana barin a danna allo a kulle haske a ja shi sama ko ƙasa. Tsohuwar kyamara ta gwanjo a hannun wanda ya san wannan lissafi ta fi sabuwa dal a hannun wanda ya bar ta tana yi masa tunani.

Gyaran da ya zama ƙarya

A nan ne laifi ya fi girma, domin na baya jahilci ne, wannan kuwa zaɓi ne. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke alkawarin fito da hoto ba sa dawo da abin da kyamara ta rasa, ƙaga shi suke yi daga miliyoyin hotunan da aka horar da su a kai. A 2023 an yi ta muhawara bayan da aka nuna wasu wayoyin Samsung suna ƙara wa dusashen hoton wata zane-zanen da gilashi bai gani ba. Ga wata, wanda fuskarsa ɗaya ce kullum, ɓarnar kaɗan ce. Ga tsuntsu kuwa, manhajar da aka ba baƙar inuwar shirwa za ta zaɓa mata launin baki da kanta. Hoton zai yi kyau, a yi ta yabo, alhali an shigar da tsuntsun da bai taɓa zuwa Sabuwa ba cikin tarihin Sabuwa.

Iyakar a bayyane take. Ɗaga duhu, rage haske, yanke gefe, duk fito da abin da ke cikin fayil ne. Ƙara abin da babu shi zane ne, kuma mai zane ya faɗi cewa zane ya yi. Haka mai son baƙar inuwar zalɓe a kan jan sararin magariba saboda kyanta, babu mai hana shi, ado ne mai zaman kansa, in dai da niyya ya yi. Abin ƙi shi ne a kasa auna haske, sannan a kira kasawar fasaha. A ajiye asalin fayil koyaushe, domin a cikinsa kwanan wata da sa'a suke, kuma shi mai tantancewa zai nema.

Kada a sayi hoto da rai

Masu ba'a suna da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ba ƙarama ba ce. A yankin da zargin kai wa 'yan bindiga rahoto ke iya kashe mutum kafin a yi bincike, doguwar kyamara abin tuhuma ce. Babu hoton da ya kai ran mai ɗaukarsa. Ba a shiga Kogo, ba a bin hanyar jeji, ba a juya gilashi wajen shingen jami'an tsaro ko sansanin 'yan sintiri. A fara da gaisuwa wurin mai unguwa ko dagaci, a nuna masa hotunan, a nuna wa sarkin fawa kafin a tsaya a mahauta. Mutumin da gari ya san shi da haukan tsuntsu ya fi aminci a kan wanda ke ɗauka a ɓoye. Soron gida, filin makaranta, bayan kasuwa, bakin madatsar Mairuwa a ranar da hanya ta yi lafiya, sun isa aikin shekaru. Kuma wanda Allah ya nuna wa sheƙar ungulu, kada ya bayyana wurin a Facebook, domin masu neman kanta su ma suna da waya. Ya aika wa masu taswira kai tsaye.

A cikin wannan iyaka aikin mai yiwuwa ne, kuma ba ya hana kowa neman tsaro ko zuwa ta'aziyya. Al'ummar da ta daina lura da komai sai masifarta ta bar wa masu bindiga har samaniyarta. Garuruwan nan uku sun shekara biyar da ɗoriya duniya ba ta jin sunansu sai tare da adadin gawa ko na waɗanda aka sace. Suna da damina, suna da ƙaurar tsuntsaye daga nahiya zuwa nahiya, suna da 'ya'ya masu ilimin da za su iya rubuta wannan.

Nan da shekara talatin wani ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-ma zai so sanin ranar da shamuwa ke isowa Faskari a shekarun nan, da ko ungulu ta rage a Ƙanƙara, da wace shirwa ce ke shawagi a Sabuwa a watan Janairu. Zai samu tarin baƙaƙen ɗigo da zanen manhaja, ko ya samu hotuna ɗari masu kwanan wata waɗanda ake ganin launin baki da zanen fiffike a cikinsu. Bambancin biyun mataki biyu ne na haske, da awa guda ta koyo. Gani ya kori ji, amma sai abin da aka ɗauka ya ganu.